Asalin 'Yan Amadarmu: Abin da Na Tono

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu, mai sayar da kayan miya a kasuwar Funtuwa, ta gabatar a taron cikar ƙungiya shekara 25



In kun ga takarda tana rawa a hannuna ku yi mini haƙuri. Shekara uku da suka wuce ko sunana ba na iya rubutawa, yatsa nake dangwalawa a littafin ƙungiya, Sakatariya shaida ce. Yau ga ni da shafi tara da na rubuta da hannuna. Malama ta gyara mini inda na tuntsure, amma maganar tawa ce, in akwai laifi a ciki ni za a kama.

Waɗanda suka zo taronmu na kafin azumi sun san abin da ya faru. Magana biyu ce ta tashi a kan 'yan amada, waɗannan iyayen namu da ke zaune can gefe da ƙorensu. Ta farko, wasu daga cikin matasanmu suka ce bana a ɗauko mai DJ, kuɗin da ake ba tsofaffin nan a ƙara a kan na abinci. Ta biyu ta fi zafi. Gida biyu suka tashi, kowanne yana cewa kakarsa ce ta kafa ƙungiyar amadar, saboda haka babbar ƙwaryar nan ta asali a gidansa ya kamata ta zauna. Har aka kai ga nuna yatsa. Ba zan ɓoye muku ba, ɗaya daga cikin gidajen nan namu ne. Tun ina yarinya nake jin Innarmu tana cewa mahaifiyarta ce ta fara kifa ƙwarya a unguwar nan, ni ma haka na tashi ina faɗa da bugun ƙirji.

A makon ne Malama ta ba mu aikin gida: kowacce ta rubuto tarihin wani abu na unguwarsu. Wata ta ɗauki rijiya, wata ta ɗauki masallaci. Ni na ce to, ga dama ta samu, bari in rubuto abin da zai rufe bakin mutanen gidan can. Da wannan niyyar na fara, Allah Ya yafe mini.

Saboda yaran da suka tashi da waya a hannu, bari in ɗan faɗi mene ne amada. Kiɗan mata ne, na cikin gida. Ƙwarya ake kifawa, manya da ƙanana, kowacce da muryarta, wata kuma a kifa ta a kan ruwa cikin babban baho, ita ce mai amon nan da ake ji har cikin ƙirji. Zabiya ta jefa waƙa, 'yan amshi su karɓa, mai guɗa ta rangaɗa. Ba a yin ta da mutum ɗaya. In 'yan amshi suka yi sanyi, ko zabiya ta fi kowa murya wasa ya mutu. Mu mutanen Funtuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin garin nan ne garin marigayiya Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, wadda ta kai kiɗan ƙwarya gidan rediyo da talabijin har ƙasar nan duka ta san shi. A Kano kuma an yi Uwaliya Mai Amada. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta sani. Namu na unguwa ba su taɓa shiga kaset na kasuwa ba, amma babu wadda aka kai ɗakin miji a cikinmu ba su raka ta ba.

Abin da ya fara ba ni wuya shi ne shekara. Ka tambayi tsohuwa, "Iya, wace shekara aka fara?" sai ta ce, "Ai an daɗe." Ka matsa mata ta ce, "Lokacin ina goyon wane." To wanen ma bai san shekarunsa ba. Na koma wurin Malama na ce aikin nan ya fi ƙarfina. Sai ta zaunar da ni muka rubuta wasu manyan abubuwa da kowane tsoho yake tunawa, da shekarunsu a gefe. Zuwan Sarauniyar Ingila, 1956. Kisan Sardauna, 1966. Komawar motoci tuƙin hannun dama, 1972. Shigowar naira da kwabo, farkon 1973. Kisan Janar Murtala, 1976. Rasuwar Sarkin Katsina Usman Nagogo, 1981. Canjin kuɗi na zamanin mulkin soja na Buhari, 1984. Sai cire jihar Katsina daga Kaduna, 1987. Ta ce kada in ƙara tambayar shekara, in riƙa cewa, kafin kaza ne ko bayan kaza? Wallahi wannan dabarar ita ta buɗe mini bakin tsofaffi. Wadda ta ce ba ta tuna komai, da na ambaci Murtala sai ga ta tana gaya mini har zanen da ta ɗaura ranar.

Na zauna da tsofaffi goma sha ɗaya, yawanci bayan la'asar in na bar wa 'yata rumfa. Goro da sabulu kuwa na kashe abin da ban gaya wa maigida ba, ga shi can yana ji yanzu. Labari uku na samu.

Na farko shi ne namu, cewa kakata ta koya a wurin Barmani, ta dawo ta tara mata. Na bi wannan har ƙarshe, ban sami mutum ɗaya a wajen gidanmu da ya ce ya ga haka ba. Kuma na lura a garin nan duk wadda ta taɓa riƙe ƙwarya, jikokinta sai sun jingina ta da Barmani. Abin alfahari ne, na gane, amma ba hujja ba ne.

Na biyu na gidan can ne. Suka ce abin ya girmi kakata nesa ba kusa ba, tun zamanin da auduga ke tashe. Kun san garin nan auduga da jirgin ƙasa ne suka raya shi, layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta nan ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, ga kuma injin gurzar auduga na kamfanin Turawa BCGA, wanda bakinmu ya mayar Bisije har unguwa ta ci sunan. Suka ce matan da ke tsintar auduga da masu kaɗi su ne suke waƙa tare, kakarsu kuma ita ce mai ba da waƙa. Wannan akwai gaskiya a ciki, tsofaffi huɗu sun tabbatar mini kakarsu mai murya ce. Sai dai waƙar aiki daban, ƙungiya daban. Iyayenmu sun yi waƙar niƙa, sun yi ta daɓe, sun yi lugude a turmi, 'yan mata sun kaɗa shantu. Wannan babu wanda ya kafa shi, da shi aka haife mu.

Na uku wata Hajiya ce ta kawo shi. Ta ce asalin abin daga 'yan taru ne, matan nan da Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta riƙa turawa ƙauyuka suna koyar da mata addini ta hanyar waƙa. Na so wannan labarin ƙwarai, domin da ya wanke mu daga masu cewa amada shashanci ce. Amma 'yan taru karatu suke kaiwa, waƙoƙinsu na wa'azi ne, ba kiɗan biki ba. Hajiya tana son ta sa wa abin riga ne mai kyau. Na gode mata na wuce.

Yanzu zan faɗi abin da yake ci mini rai. A cikin tsofaffin nan akwai Iya, wadda kuka sani, ta bayan tasha, wadda ta fi kowa daɗewa a amshi. Na je wurinta sau ɗaya. Ranar wayata ba caji, ban ɗauki muryarta ba, ga hadari ya taso, ina sauri. Na tambaye ta babbar ƙwaryar ta wace ce, ta gidanmu ko ta gidan can. Ta yi dariya ta ce, "Ke yarinya, ƙwaryar baƙuwa ce." Ni a tunanina tana nufin ƙwaryar daga wani gari aka sayo ta. Na rubuta haka na tashi, na ce zan dawo bayan Sallah. Kwana tara da Sallah aka yi jana'izarta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Shekara hamsin na waƙa a cikin kanta, ni kuma na ba ta minti ashirin.

Da aka zo rabon kayanta, jikarta, wadda memba ce a nan, ta buɗe wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado ta tarar da littafi naɗe a tsumma. Irin na 'yan makaranta ne mai layi-layi, gara ta ci gefensa. Ta san ina wannan aikin, sai ta kawo mini rumfa. Na buɗe da murna, sai na ga da ajami aka rubuta shi. Ku duba ikon Allah, na sha wuya na koyi boko, abin da nake nema kuma ya zo da ajami. Yayan maigidana ne ya zauna da ni dare huɗu yana karantawa ina juyawa zuwa boko.

Littafin adashi ne. Shafin farko suna goma sha biyu. Zubi duk ranar Juma'a, sule biyu kowacce, mai kwasa ta ɗauki fam ɗaya da sule huɗu. Da na ji "sule" da "fam" na yi tsalle, na ce shi ke nan, kafin naira ne, kafin 1973. Yaya ya ce in zauna. Ya ce shi da kansa har ya yi aure yana kiran kwabo goma sule, yana kiran naira biyu fam. Kuɗi ya canja amma baki bai canja ba. Ke nan sulen da ke littafin ba ya nuna shekara. Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, amma gaskiyarsa ce, ni ma na tashi na ji ana cewa sule.

A dare na uku ne muka kai wani layi da ba kuɗi a gabansa. An rubuta cewa yau ba a yi zubi ba, an kashe shugaban ƙasa. Malama ta duba mana, an kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, kuma ranar Juma'a ce, ranar zubinsu. To kun ga an sami turke. Kowane layi mako ɗaya ne. Na ɗauko wake na riƙa ajiye ƙwaya ɗaya a kan kowane layi ina komawa baya har shafin farko. Sau uku na ƙirga, 148 nake samu. Mako 148 ya kusa shekara uku. In an ƙara 'yan makonnin da ba a rasa tsallakewa ba na Sallah ko rasuwa, farkon littafin ya faɗa farkon 1973, tsakanin ƙarshen sanyi da bazara. Ni da nake lissafin tattasai da albasa, ban taɓa jin daɗin ƙidaya irin na daren nan ba.

Sai sunaye. Kakar gidan can tana nan, ita ce ta biyu. Kakata tana nan, ita ce ta biyar. Iya ce ta tara. Sunan farko kuwa, wanda ya yi kwasar fari, ba sunan yanka aka rubuta ba. An rubuta "Baƙuwa mai ƙwarya". Nan take maganar Iya ta faɗo mini. Ashe mutum take gaya mini, ni kuma ina sauri saboda hadari.

Wanda ya rubuta littafin yana da rai. Da yawanku kun san shi, dattijon tela ne a layin maɗinka, na roƙe shi ya zo yau ya ce shi kunyar taron mata yake ji. Lokacin yana almajiri a zauren gidan su Iya, shi ake kira ya rubuta, ladansa tuwon dare. Da na nuna masa littafin ya daɗe yana shafa shi bai ce komai ba. Ga abin da ya gaya mini.

Shekarun nan na 1972 zuwa 1974 an yi fari mai tsanani a arewa, har cikin Nijar da ƙasashen da ke bayanta. Dabbobi suka mutu, mutane suka yi ta gangarowa kudu neman abinci. A cikinsu wata mata ta zo daga wajen Maraɗi, ba miji, ba ɗa, sai ƙullin tsumma da ƙwarya ɗaya. Aikatau take yi, surfe da daka da wanke-wanke, gida-gida. In ta gama aiki sai ta kifa ƙwaryarta ta riƙa bugawa tana waƙa, matan gida su amsa. Yawancin matan nan suna cikin kulle, ba sa haɗuwa sai a biki ko suna. Ita kuwa babu ƙofar da ba ta shiga. Ita ce ta san cewa a gidan nan akwai mai murya, a gidan can akwai mai hannun kiɗa, a wancan akwai mai guɗa. Ita ta haɗa su. Da suka ga ana kiransu biki ana yi musu liƙi, ita ta ce kada a raba a cinye, a yi adashi, kwasar fari a sayi ƙore.

Na tambaye shi, ta yaya matan gari za su ba baƙuwa riƙon kuɗi? Ya ce dalili biyu. Na ɗaya, ita ce mai ƙafar zagayawa ta karɓo zubi. Na biyu, ya ce Iya da kanta ta faɗa, Baƙuwa ba ta da mijin da zai ce a ranta masa zuwa gobe. Mazajenmu ku yi haƙuri, haka aka gaya mini, haka na rubuta.

Ta rasu a garin nan, ya ce wajen lokacin canjin kuɗin 1984. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Shi ya sa da muka tashi muna jayayya a taro, gida biyu suna da masu ɗaga musu murya, ita ba ta da kowa. Tsofaffi goma sha ɗaya na tambaya, ɗaya ce kawai ta ambace ta, ita ɗin ma ban saurara ba. Bayan na gano sai na koma wurin uku daga cikinsu na ce, kun san Baƙuwa? Kowacce sai ta ce, "Af! Allah Sarki, Baƙuwa!" Suna sane da ita sarai. Ba wanda ya taɓa tambayarsu ne.

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye. Adashin nan bai mutu ba. Littafin ya ƙare amma zubi ya ci gaba, uwa ta tsufa 'ya ta karɓa, har waɗanda ba sa waƙa suka shigo, masu ƙosai da masu ƙuli da dillalai. Lokacin shirin Better Life na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, an yi ta kiran mata su kafa ƙungiyoyi, iyayenmu suka fara jin maganar rajista, ko da yake sai daga baya aka yi ta. Na ɗauki takardar rajistarmu a wurin Sakatariya na gwada da shafin farko na littafin. A cikin mata bakwai da suka sa hannu aka kafa wannan ƙungiya, huɗu 'ya'yan waɗancan sha biyun ne. Shugabarmu ta farko, Allah Ya jiƙanta, 'yar amshi ce kafin ta zama shugaba. Injin markaɗen da muke taƙama da shi, da bashin da ake ba mu ba ruwa, in aka bi saiwarsu a sule biyun nan za a tsaya. Mu muna cewa muna taimaka wa 'yan amada da ɗan abin goro duk shekara, ashe a gidansu muke zaune.

Na san masu cewa a amada akwai habaici da zambo, wani lokaci har da maganar da ba ta dace a gaban yara ba. Akwai, ba zan musa ba, ni ma akwai waƙar kishiya da in aka fara nake sunkuyar da kai. Amma na je bukukuwan da aka kawo DJ, na ji abin da ake sakawa, ga maza da mata a cakuɗe. Wanda ya ce don tarbiyya zai kori tsofaffin nan ya kawo wancan, ni dai bai gamsar da ni ba. Kuma zabiya in ta wuce gona da iri ana iya jan zanenta a ce Goggo a sassauta. Na'ura fa?

Yau su shida suka rage, ƙaramarsu ta haura hamsin da biyar. Shugaba, ina roƙo a sa maganar kuɗinsu a taro mai zuwa a ƙara musu maimakon a yanke. Ina roƙon 'yan matanmu masu manyan wayoyi, kowacce ta zaɓi tsohuwa ɗaya ta je ta zauna da ita ta ɗauki muryarta, a cika caji kafin a tafi, kada a ce sai bayan Sallah. Duk wadda take da tsohon kaset na bikin gidansu ta kawo, ɗana ya ce zai iya juya shi zuwa waya. Littafin kuwa jikar Iya ta yarda a ajiye shi a ofishin ƙungiya, mun riga mun ɗauki hoton kowane shafi.

Babbar ƙwarya, mai ɗinkin gyartai wuri uku, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda aka saya da kwasar fari, kuma an daina buga ta don kada ta ƙarasa fashewa. Ba ta gidanmu ba ce, ba ta gidan can ba ce. Ni a ganina ta bi littafin zuwa ofis. Na je na sami Yaya ta gidan can na ba ta haƙuri a kan abin da na faɗa mata a taro, ta ce ya wuce, har ta ba ni daddawa.

Innarmu ce ta fi wuya. Da na karanta mata abin da na rubuta, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. A rana ta uku ta kira ni ta ce in sake karanta mata wurin sunayen. Da na kai na biyar ta ce in tsaya, in nuna mata da yatsa inda sunan mahaifiyarta yake. Na nuna mata. Ta ce to, ai dai tana ciki. Sannan ta ce ita ma ta tuna Baƙuwa, doguwa ce, tana da tsage a kumatu, ita ce ta yi mata kitson aure. Ga Inna can a layi na biyu, ta ce in na gama in zauna da wuri kada in cinye lokacin kiɗa.

Goggo, bismillah, a kifa ƙwarya.